Gadon da Nas Take Tsallakewa

Ku gyara zama, ku ji wani misali.

Akwai wani manomi, dattijo, wanda Allah ya yi wa albarkar gona da ta 'ya'ya. Ba zan faɗa muku sunansa ba, gama surukarsa ma, wadda labarin nan ya fi shafa, ba ta taɓa kama sunan da bakinta ba tun ranar da aka kawo ta gidan. Baba take ce masa, mu ma sai mu ce Baba.

Mutum ne mai tsabta har abokansa suna yi masa tsiya. Asuwaki ba ya barin aljihunsa, ko gona za shi ko majami'a. In ya yi dariya sai ka ga haƙora farare tas. Tsararrakinsa da goro ya riga ya rine nasu sukan ce, "Kai tsohon nan, wa kake yi wa kwalliya?" Shi kuma ya ce, "Wanda ya ba ni su."

Ana nan, wata rana da kaka, yana cikin yankan dawa sai ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a ɗauko shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki kuma ya karkace. Aka kai shi ƙaramin asibitin da ke bakin garinsu, aka kwantar da shi a ɗakin maza, a gadon da ke kusa da taga.

To, a ɗakin nan ne surukarsa Liyatu, matar babban ɗansa Zakka, take aikin nas. Da dangi suka ji haka sai hankalinsu ya kwanta. Suka ce, "Madalla, Baba ya faɗa hannun gida." Kowa ya koma harkarsa da sanyin zuciya.

Liyatu kuwa ba a raina aikinta. Akwai ma wani aiki da aka san ta da shi, wanda mutane da yawa suke ƙyama, wato wankin bakin marasa lafiya. Kada ku ce ƙaramin abu ne. Mai lafiya yana tauna, yana magana, yana kurɓar ruwa, miyau kuma yana ta wanke masa baki bai ma sani ba. Amma wanda ciwo ya kwantar, bakinsa a sake yake kwana, ya bushe, guntun abinci ya maƙale ya ruɓe, harshe ya yi kuraje. In daɗa mai shanyewar jiki ne, wanda haɗiya take yi wa wuya, dauɗar nan takan bi miyau ta sauka ƙirji, ta zama ciwon huhu. Liyatu ta san wannan kamar yunwar cikinta. Ita ce ma take gaya wa masu jinya, "Baki ƙofar jiki ne. In kuka bar ƙofa da shara, sharar ciki za ta shiga."

Kowace safiya takan ɗauko tirenta. Ga kwanon ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ga auduga, ga ƙananan buroshi masu laushi, ga man kaɗanya na shafa wa leɓe. Sai ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani makiyayi da aka kawo daga nesa, ba ya ko jin Hausa sosai, ta wanke masa. Akwai direban da ya karye hannu biyu, ta wanke masa tana zolayarsa, "Buɗe mana, Malam, ba haƙoranka zan sace ba." Akwai wani makaho da babu mai zuwa dubansa, shi ma ta wanke masa har ya sa mata albarka.

Amma in ta iso gadon da ke kusa da taga, sai ta ajiye tiren can gefe. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?"

Baba ya sa hannunsa mai lafiya ya ja gefen bargo ya rufe baki. Da ƙyar maganar take fita. "Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi, Baba."

Ta tashi, ta sa takalmi, ta ɗauki tire, ta wuce gado na gaba.

Kada ku yi saurin zaginta, ku da kuka san tarbiyyarmu. Tunda aka yi aurenta ba ta taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. Ba ta taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Shi ma in yana cin tuwo ya ji takunta, rufe kwano yake yi har ta wuce. Kunyar surukuta ce, gidan mutunci ake samunta. To, wadda ba ta iya duban fuskarsa, yaya za ta ce masa, "Buɗe bakinka," ta sa yatsa a kan harshensa? Sai ta riƙa lallashin zuciyarta, tana cewa ai Sista Azumi, wadda take karɓar aikin ɗakin da yamma, ita za ta yi masa.

Matar Baba kuma, Inna Gwamma, tana nan a gindin gado ba ta motsawa. Tana wanke masa fuska da ƙafa, ta shafa masa mai, ta sauya masa hula saboda masu zuwa dubiya. Baki kam ba ta taɓa, don a ganinta wannan aikin masu fararen kaya ne, kada ta je ta yi ɓarna.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Baba ya fara rage ci. Da farko yana shan rabin kofin kunu, daga baya cokali kaɗan, daga baya in ya ga cokali ya nufo shi sai ya juya fuska ga bango. In Inna ta matsa masa ya kurɓa, sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya kawo ruwa. Leɓunansa suka tsattsage. Wani wari kuma ya fara tashi a wajen gadon. Inna ta rasa daga inda yake fitowa, sai ta riƙa yayyafa turare a matashin kai. Matan zumunta suka zo suka yi waƙa, dattawan ikkilisiya suka zo suka yi addu'a, kowa ya tambayi jiki, kowa ya sami amsa ɗaya daga bayan bargo: "Da sauƙi."

Liyatu ta ji warin, ta kuma san ko na mene ne. Nan tsoro ya shige ta. In ta koma gida ta zauna gaban tuwo sai ta kasa kai loma. Tana daka, tana wanki, hankalinta yana kan gadon nan. Ta ce wa kanta, "Gobe zan duba, ko da leƙawa ce." Gobe ta yi, ta zo da tire, ta durƙusa, ta gaishe shi, ƙafafunta suka ɗauke ta zuwa gado na gaba kamar ba nata ba. Tana wanke bakin makaho, kunnenta yana kan tarin Baba. Tarin kuwa ya sauya, ya koma can ƙasan ƙirji.

Sai zazzaɓi ya zo. Likita ya sa abin aunawa a ƙirjin Baba, ya daɗe yana saurara, fuskarsa ba walwala. Ya ce Baba ya buɗe baki. Baba ya saci kallon inda Liyatu take tsaye, ya datse haƙora. Ga marasa lafiya suna jiran likita a waje, sai ya rubuta maganin ƙirji, ya juya ya ce, "Sista Liyatu, ai ba sai na tambaya ba, ana kula da bakinsa ko?"

Ta ce, "Ana yi, Likita."

Ku riƙe mini kalmar nan, "ana." Ba ta ce ina yi ba, don ba ta son ƙarya. Ba ta ce ba na yi ba, don ba ta son tonon asiri. Ta sami kalmar da ba ta da mai ita, ta ɓuya a bayanta. Likita ya gyaɗa kai ya wuce, gama wa zai yi shakkar nas a kan surukinta?

Zazzaɓin ya sauka, ya sake dawowa. Baba ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito.

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, iyali suka taru a gindin darbejiyar da ke harabar asibiti. Inna Gwamma ta share hawaye da bakin zane, ta ce, "Tun ina yarinya nake zaune da mutumin nan, bai taɓa juya wa kunun tsamiya baya ba. Wanda ya ƙi abinci ya riga ya yi sallama da duniya. Ku mai da shi ɗakinsa, kada ya cika a gadon ƙarfe cikin baƙi."

Can Zakka ya ce, "To, shi ke nan, Inna. Zan yi wa mai mota magana ya zo gobe da safe." Sa'an nan ya dubi matarsa. "Ke da kika san aikin, me kika gani?"

Maganar tana bakinta, wallahi tana bakinta. Ta san in aka fita da shi a haka ba zai kai ko'ina ba. A gida babu maganin ƙirji, Inna kuma don ƙauna za ta riƙa yi masa ɗura yana kwance, kunu ya bi ta inda bai kamata ba. Amma ga surukarta mace a zaune, ga ƙannen miji sun zuba mata ido. Sai ta dubi ƙasa ta ce, "Allah dai ya sawwaƙe."

Da taron ya watse, ta ga Sista Azumi ta shigo aiki. Ta bi ta har inda ake ajiye kaya.

"Sista, bakin Baba, in kina wankewa yaya kike ganinsa?"

Azumi ta tsaya da ɗaura ɗankwali. "In ina wankewa? Ni? Haba, Liyatu! Mutumin da yake da nas a gida? Ai ni tsallake shi nake yi, na ce kin gama masa tun da safe, wanki na musamman ma."

Liyatu ta sunkuyar da kai.

Azumi ta dube ta da kyau. "Ke, kada ki ce mini... Tun ranar da aka kawo shi?" Ta tafa hannu. "Inuwar giginya! Na nesa ka sha, na gindi yana cikin rana. Kawo tiren nan."

Azumi ta nufi gadon, ta gaishe shi, ta lallashe shi, ta yi masa barkwancin da ta saba. Ina! Baba ya ƙanƙame bargo a bakinsa. Mutumin da aka sani da fararen haƙora ya san abin da bakinsa ya zama, ba zai buɗe wa 'yar wani ba. Azumi ta yi ta fama har ta gaji. Sai ta lura da inda idonsa yake, ta waiwaya, ta ga Liyatu tsaye a bakin ƙofa tana murza yatsu. Ta dawo ta miƙa mata tiren, ta ce da ita a hankali, "Ba ni yake kallo ba."

Tsakanin ƙofa da taga ba nisa, amma Liyatu ta ji kamar ba za ta kai ba. Ta iso. Wannan karon ba ta ajiye tiren a gefe ba, a kan teburin gadon ta ɗora shi. Ta tuɓe takalmi kamar kullum, ta durƙusa kamar kullum. Sa'an nan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa.

"Baba, ka gafarce ni. Yau zan yi maka rashin kunya."

Inna Gwamma ta miƙe zumbur. "Ke 'yar nan! Bakin surukinki? Ina aka taɓa yi?"

"Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ban yi ba, za mu rasa shi."

Inna ta buɗe baki za ta sake magana, sai ta ga hannun Baba ya motsa. A hankali ya saki bargon da kansa, ya bar shi ya zame.

Liyatu ta tashe shi zaune, ta tokare bayansa da matasai, ta karkata kansa gefe don kada ruwa ya gangara maƙogwaro. Ta shimfiɗa tawul a ƙarƙashin haɓarsa, ta sa safar hannu. Leɓunan sun manne, sai da ta jiƙa su da auduga tukuna suka rabu. Ta haska ƙaramar tocila ciki.

Wayyo! Harshen ya yi fari fat kamar an shafa masa kindirmo, ƙarƙashin farin kuma ja ne jawur, duk ya saɓule. Dasashi ya kumbura, ana taɓawa sai jini. A cikin kuncin dama, inda Baba ba ya jin komai tunda ɓarin ya shanye, ga curin tsohon abinci da garin ƙwayar magani sun dunƙule sun ruɓe. Ta zaro shi ta sa a kwano. Inna ta leƙa, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni Gwamma! Ashe wuta nake ba shi a cokali, ina cewa ya ƙi abinci!"

Liyatu ta riƙa tsoma auduga a ruwan gishiri, ta matse sosai, ta goge, ta jefar, ta ɗauki wata. Ta bi haƙoran da buroshi mai laushi, ɗaya ɗaya, ba gaggawa. Da ta taɓa gefen harshe Baba ya zabura, ya yi nishi.

"Da zafi," in ji shi.

Tunda aka kwantar da shi, wannan ne karo na farko da ya ce wani abu ban da "da sauƙi."

"Sannu, Baba. Na kusa gamawa."

Ta gama, ta shafa masa man kaɗanya a leɓe. Baba ya juya harshe cikin bakinsa, ya haɗiyi miyau, ya lumshe ido. Ta fara tattara kaya za ta tashi, sai ta ji ya kama bakin rigarta. Maganar tana fita a karkace, kalma kalma, amma duk wanda yake wurin ya ji.

"Kullum ina kallonki, kina wanke bakin baƙi. In kin zo kaina, ki durƙusa, ki gaishe ni, ki wuce. Sai in ce a raina, da ma ni baƙo ne."

Liyatu ta kifa kai a bakin gado ta fashe da kuka. "Ka yafe mini, Baba."

Ya ɗora mata hannu a ka. "Ni ma ai rufewa na yi, 'yata."

Daga nan ba ta zame ko'ina ba sai wurin likita. Ta ce, "Likita, 'ana yi' ɗin da na ce maka, babu wanda yake yi." Ya yi mata faɗa, ta kuwa cancanci faɗan. Ya zo da kansa ya duba, ya ba da maganin farin nan na harshe, ya sauya na ƙirji. Amma ya gaya musu gaskiya, ya ce ciwon ya riga ya sauka huhu, shi ba zai yi musu alkawari ba.

Gari ya waye, mai mota ya iso bakin asibiti, Zakka ya shigo ɗaukar mahaifinsa. Ya tarar da matarsa ta fara zagayenta daga gadon taga. Ta wanke bakin tas, ta tashe shi zaune sosai, ta karɓi kofin kunu daga hannun Inna, mai ɗan kauri don kada ya ƙware. Ta ɗebo rabin cokali ta kai ɓarin bakin da yake da lafiya. Inna tana riƙe da ƙirji, Zakka yana tsaye da hular Baba a hannu. Dattijon da yake rufe kwano in ya ji takun surukarsa ya buɗe baki ya karɓa. Maƙogwaronsa ya motsa. Suka jira tari, tari bai zo ba. Ya sake buɗe baki.

Inna Gwamma ta juya ga ɗanta. "Me kake jira? Je ka sallami mai motar nan."

Kada ku ɗauka nan take ya miƙe. Ƙirjin nan ya wahalar da shi ƙwarai, akwai ranakun da aka fid da rai. Da Allah ya tashe shi, sai da aka cire masa haƙora biyu da suka riga suka lalace. Ya koma gida yana jan ƙafa, Liyatu ta koya wa Inna wankin bakin, in ta dawo aiki kuma ta duba da kanta. Baba ya ci gaba da dariyarsa, sai dai yanzu da giɓi. Duk lokacin da ya yi dariya, Liyatu tana ganin giɓin, ta kuma san wanda ya jawo shi.

To, ga ma'anar misalin, don kada wani ya fita ya ce bai gane ba.

Liyatu mu ne, mu masu hidima a gidan Ubangiji. Tiren da ke hannunta shi ne abin da Allah ya danƙa mana, wato maganarsa, da addu'a, da gargaɗi, da hannun taimako. Muna kuwa amfani da shi, ban ce ba ma yi ba. Mu ne zuwa bishara ƙauyuka, mu ne dubiya asibiti, mu ne sasanta auren maƙwabta. Bakin baƙi kam mun iya wankewa. Amma kowannenmu yana da gadon taga a gidansa. Wani mahaifinsa ne da burkutu ya fara ci, kowa ya gani, ba mai cewa komai. Wata uwar mijinta ce da baƙin ciki ya cika wa zuciya har ta daina zuwa sujada. Wani yayansa ne, wani matarsa ce da suke kwana ɗaki ɗaya. Kullum muna gaishe su da ladabi, mu ji warin, mu yayyafa turare, mu wuce.

In fasto ya tambaya, mu ce, "Ana yi masa addu'a. Ana yi mata magana." Wa yake yi? Kai kana jiran fasto, fasto yana cewa ai gidan dattijon ikkilisiya ne, suna da mai yi musu. Gidan da ake zaton ya fi kowa samun kulawa, shi ne ake tsallakewa safe da yamma. Ku bar ɓuya a bayan "ana." Ran da za a tambaye ka ɗan'uwanka, ba "ana" za a kira ba, sunanka za a kira.

Ban ce ku zubar da kunya ba, ku yara musamman, kada ku je gida ku ce malamin makarantar Lahadi ya ce a yi wa manya tsaurin ido. Ku tuna yadda Liyatu ta yi. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta nemi gafara, sa'an nan ta yi aikin, da taushin hannu kuma. Kunya ado ce. Amma kunyar da za ta tsaya tana kallo har mutum ya mutu, wannan tsoro ne ya ari rigar ladabi.

Akwai kuma wanda yake zaune a nan, shi ne Baba. Ka san abin da ya ruɓe a cikinka. Ka ja bargo ka rufe, kowa ya tambaye ka a ƙofar majami'a ka ce, "Lafiya lau, da sauƙi." Maganar Allah ma ta daina shigarka, in an kawo cokali sai ka juya ga bango, don inda ya kamata ta yi maka daɗi, zafi take yi maka. Ɗan'uwana, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ubangijinmu ba mai ƙyama ba ne. Ya taɓa kutare, ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, bai taɓa tsallake gado don wari ba. Amma ba ya fizge bargo da ƙarfi. Kai za ka sake shi da hannunka, ka ce, "Da zafi." Daga nan warkewa take farawa.

Ku kuma ma'aikatan jinya da ke cikinmu, da ku masu jinyar tsofaffi a gida, ku ɗauki misalin yadda yake, ba sai an fassara muku ba. Ku duba bakin wanda yake kwance, kowace rana. Aikin ba shi da daɗin gani, ba mai yaba muku a kansa, amma auduga da ruwan gishiri sun sha tare abin da allura take zuwa ta tarar ya yi nisa.

Yanzu za mu yi addu'a mu tashi. Na san tunda na fara maganar gadon taga, akwai fuskar da ta faɗo maka a rai, kana ta ƙoƙarin kawar da ita. Kada ka ce gobe, Liyatu ma gobe ta yi ta cewa. In ka isa gida yau, ka fara da wannan gadon. Mai yiwuwa ya daɗe yana kallonka kana wucewa da tire, yana cewa a ransa da ma shi baƙo ne.